Gyaran Dokar Namun Daji: Wa Zai Biya Idan An Yi Kuskure?

Ranar 10 ga Yulin 1936 gwamnatin tsibirin Tasmaniya da ke Ostireliya ta sanya wata dabba cikin jerin namun dajin da aka haramta kashewa. Dabbar ta yi kama da kare, bayanta da ratsi-ratsi, tana goyon 'ya'yanta a cikin wata jaka da ke cikinta, ana ce mata damisar Tasmaniya. Kwana 59 bayan haka, ranar 7 ga Satumba, ta ƙarshe da aka sani a duniya ta mutu a gidan ajiye namun daji na Hobart. Wannan gwamnatin ce kuma daga 1888 zuwa 1909 ta riƙa ba da tukuici ga duk wanda ya kashe dabbar, don masu kiwon tumaki sun ce tana yi musu ɓarna, har aka biya irin wannan lada sau fiye da 2,000. Da doka aka karkashe ta, da doka aka zo cetonta, amma ihu bayan hari.

Tun kafin wannan, a 1857, an kai wa majalisar jihar Ohio ta Amurka ƙudirin kare wata irin kurciyar daji da ke tashi garke-garke har ta rufe rana. Kwamitin da aka ɗora wa nazarin ƙudirin ya ce tsuntsuwar ba ta buƙatar kariya, yawanta ya wuce a ce farauta za ta taɓa shi. A lokacin ana ƙiyasta ta da biliyoyi. A 1914 ta ƙarshe ta mutu a keji a birnin Cincinnati, cikin jihar ta Ohio.

Abin da ya sa nake jin faɗuwar gaba duk lokacin da aka ce za a yi wa dokar kare namun daji kwaskwarima ke nan. Ba na cewa kada a taɓa doka, domin wasu gyare-gyaren su ne suka ceto dabbobi, zan kuma kawo su. Abin da nake cewa shi ne kuskure biyun da ake iya yi ba nauyinsu ɗaya ba. Idan majalisa ta tsaurara doka fiye da kima, mutane za su takura, za su koka, a zama na gaba a sassauta. Idan ta sassauta fiye da kima a kan dabbar da saura ƙiris, kafin a farga a koma zauren majalisa ana iya tarar da babu abin da za a kare. Saboda haka mai neman a sassauta shi ya kamata ya kawo hujja, kuma hujjar ta kasance ƙidayar dabbobi a daji.

A ɗauki giwa. Cikinta wata 22 ne. Ɗa ɗaya take haifa, sai bayan shekara huɗu ko biyar ta sake. 'Yar da ta haifa ba za ta yi tata haihuwar ba sai ta haura shekara goma. Mai farautar sata kuwa ba ƙanana yake nema ba, manyan haure yake so, wato manyan toraye da tsofaffin iyayen garke, waɗanda su ne suka san inda ruwa yake idan fari ya tsananta. Da bindiga ana iya shafe garke guda tsakanin la'asar da magariba, amma mayar da shi aikin shekaru aru-aru ne.

A 1979 an ƙiyasta giwayen Afirka sun kai miliyan 1.3. Zuwa 1989 sun koma kusan 600,000. A watan Yulin shekarar shugaban Kenya Daniel arap Moi ya cinna wa tan 12 na hauren giwa wuta a bainar jama'a, a watan Oktoba kuma ƙasashen da ke cikin yarjejeniyar CITES, wadda ke tsara cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, suka zauna a birnin Lausanne na ƙasar Suwizalan suka haramta cinikin haure. Farashi ya faɗi, kisa ya ragu a wurare da yawa, garkuna suka fara farfaɗowa.

Sai aka fara buɗe ƙofa kaɗan-kaɗan. Ƙasashen kudancin Afirka suka ce su sun kula da giwayensu, rumbunansu cike suke da hauren waɗanda suka mutu da kansu, me zai hana su sayar su zuba kuɗin a gandun daji? Maganar tana da kai, ban raina ta ba. A 1999 aka yarda Botswana da Namibiya da Zimbabuwe su sayar wa Japan kusan tan 50. A 2008 aka sake yarda, wannan karon har da Afirka ta Kudu, aka yi gwanjon fiye da tan 100 ga Sin da Japan. Abin da ya biyo baya sananne ne. Wani bincike da aka buga a 2014 ya ƙiyasta an kashe giwaye kusan 100,000 a tsakanin 2010 da 2012. Tanzaniya kaɗai, giwayenta sun sauko daga kimanin 109,000 a 2009 zuwa 43,000 a 2014. Ƙidayar da aka yi ta jirgin sama a ƙasashe 18 ta nuna giwayen sarari sun ragu da kashi 30 cikin 100 daga 2007 zuwa 2014.

Masana sun yi ta muhawara ko gwanjon 2008 ne ya jawo wannan ko kuwa arzikin da ya ƙaru a hannun masu saye a Asiya ne, wanda ko da gwanjo ko babu zai tayar da kasuwa. Ni a ganina abubuwan biyu sun haɗu, amma ba zan wanke gwanjon ba. Kafin 2008 wanda ya ga haure a kanti yana da dalilin zargin na sata ne. Bayan 2008 akwai na halal da takardarsa, sai na sata ya sami rigar da zai sa. Jami'in kwastan da ke riƙe da awarwaron haure ba shi da yadda zai gane da ido ko daga rumbun gwamnati ya fito ko daga giwar da aka harbe watan jiya. Takarda kuwa ana iya sake amfani da ita a kan wani kayan. Mai saye ma ya sami natsuwa, tunda hukuma ce ta sayar. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da Sin ta rufe kasuwar haurenta ta cikin gida a ƙarshen 2017, ta yi abin da ya dace, amma giwayen da aka rasa a waɗancan shekaru tara sun tafi ke nan, kuma ƙasashen da suka fi ɗanɗana kuɗarsu, irin Tanzaniya da Mozambik, ba su ne suka sayar da haure a gwanjon ba.

Wannan dai gyara ne da duniya ta gani ana yi. Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne wanda ake yi a ofis, a cire layi ɗaya daga ƙa'idojin aiwatarwa, dokar kanta tana nan da sunanta. Dokar kare dabbobi masu fuskantar ƙarewa ta Amurka, wadda Shugaba Richard Nixon ya sa wa hannu a Disambar 1973, ta hana a cutar da duk dabbar da ke cikin jerin. Ƙa'idar da hukuma ta rubuta ta ce rusa mazaunin dabba har ya kai ga mutuwarta ko jikkatarta shi ma cutarwa ne. Masu sana'ar katako suka kai ƙara, a 1995 Kotun Ƙoli ta goyi bayan ƙa'idar da alƙalai 6 a kan 3. A watan Afrilun 2025 gwamnatin Donald Trump ta gabatar da shawarar soke wannan ƙa'ida. Ga wanda bai san daji ba, abin ba zai zama komai ba, tunda har yanzu an hana harbi. Amma yawancin dabbobin da ke ƙarewa a yau rashin wurin zama ne babbar matsalarsu. Tsuntsun da aka sare bishiyar da yake sheƙa, ko kifin da aka janye ruwan da yake ƙwai, ba wanda ya ɗora masa bindiga, kuma ba zai hayayyafa ba. Dokar da ta kare jikin dabba ta bar gidanta a hannun mai injin sara ta bar babban ɓangaren aikin.

Sai kuma wannan ja-in-ja da ke bin zaɓe. A 2019 aka janye ƙa'idar da ke ba dabbobin da ke mataki na biyu na haɗari cikakkiyar kariya kai tsaye da zarar an sa su a jeri. A 2024 gwamnatin Joe Biden ta mayar da ita. A 2025 aka sake ɗaura aniyar janye ta. Cikin shekara shida ke nan, abin da bai kai lokacin da 'yar giwa ke ɗauka ta balaga ba. Mai gona da mai kamfani da jami'in gandun daji duk sun koyi darasi guda: a jira zaɓe mai zuwa. Wanda ke son ya sare daji ya san akwai shekarun da ƙofa ke buɗe, sai ya shirya kayan aikinsa ya zauna.

Abin da ya faru a jihar Wisconsin ya nuna yadda 'yar gajeriyar buɗewa take ci. A farkon Janairun 2021 aka cire kyarkeci daga jerin kariya na tarayya. Wata ƙungiyar mafarauta ta kai ƙara, kotu ta tilasta wa jihar buɗe farauta a watan Fabrairu, daidai lokacin barbara, lokacin da wasu matan ke da ciki. Adadin da aka ware wa masu lasisin jiha 119 ne. Kafin a cika kwana uku an kashe 218, yawanci da taimakon karnukan farauta, daga cikin kyarketai kusan 1,000 da jihar ke da su. A Fabrairun 2022 wani alƙalin tarayya ya mayar da kariyar. Hukuncin nasa ya gyara takarda, bai tayar da ko ɗaya daga cikin 218 ba.

To amma akwai mutanen da ke kwana da waɗannan dabbobi, kuma duk wanda ya yi maganar kariya ya manta da su bai yi adalci ba. Manomin da ya wayi gari ya tarar giwaye sun tattake gonarsa a dare ɗaya, abincin shekara ya tafi, ko makiyayin da zaki ya kashe masa saniyar da yake tatsa, idan doka ta ce masa kada ka taɓa, kuma ba diyya, ba rabo, to ta mayar da dabbar abokiyar gabarsa. Guba ba ta da tsada, daji kuma ba shi da shaida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ko a Amurka an ga haka. A jihar Karolina ta Arewa akwai wani tsuntsu mai sassaƙa rami da bakinsa a jikin tsofaffin bishiyoyi masu rai, yana kwashe shekaru kafin ya gama rami guda. Da zarar ya sauka a dajin mutum, doka ta hana shi saran bishiyoyin kewaye. Wani bincike na 2003 ya gano masu filayen da ke kusa da inda tsuntsun yake suna sare bishiyoyinsu tun ba su tsufa ba, don kada ya zo. Dokar da aka yi don tsuntsu ta sa ana rushe masa gida tun kafin ya iso. Maganin da aka samo a 1995 sassauci ne: aka yi wa mai fili alkawari cewa idan ya gyara dajinsa tsuntsaye suka ƙaru, ba za a ƙara masa wani takunkumi a kan abin da ya tarar ba. Mutane suka shiga tsarin, kuma a 2024 an sauko da tsuntsun daga mataki mafi haɗari.

Kenya ta haramta farauta gaba ɗaya a 1977, amma ƙidayar da aka bi daga 1977 zuwa 2016 ta nuna namun dajin filayen kiwonta sun ragu da kusan kashi 68 cikin 100. Ba haramcin ne ya kashe su ba, yawan jama'a da dabbobin gida da fari da shinge duk suna ciki, sai dai haramcin bai iya tsayar da ɓarnar ba. Namibiya ta bi wata hanya. A 1996 ta gyara dokarta ta ba al'ummomin karkara ikon kula da namun dajin yankinsu da cin moriyarsu, ta hanyar masu yawon buɗe ido da farauta mai iyaka. Yau irin waɗannan yankuna sun kai 86, giwayen ƙasar kuma sun tashi daga kusan 7,500 a 1995 zuwa fiye da 20,000. Tsarin yana da nasa ƙorafe-ƙorafe, ba kowane yanki ke samun kuɗin kirki ba, rabon ma ba kullum yake kaiwa ga wanda aka ci wa gona ba. Duk da haka gyara ne da ya ƙara yawan masu son dabbar ta rayu.

Da wannan nake auna kowane gyara. Bayan an yi shi, wa zai amfana idan dabbar tana raye, wa zai amfana idan ta mutu ko aka kawar da dajinta? Gyaran Namibiya da na Karolina sun sa maƙwabcin dabba ya ga riba a rayuwarta. Gwanjon haure ya ƙara wa gawarta daraja a kasuwar da ke nesa da ita dubban kilomita. Dukansu ana kiransu sassauci, amma ba hanya ɗaya suka nufa ba, kuma masu neman na biyun sun iya aron bakin manomi su ci albasarsu.

Wani abin da ba a cika lura da shi ba shi ne dokar da ke kashe namun daji sau da yawa ba ta cikin kundin namun daji. A Indiya, daga shekarun 1990, ungulaye suka riƙa faɗowa matattu, har wani nau'in ya ragu da kashi 99.9 cikin 100 tsakanin 1992 da 2007. Duk suna ƙarƙashin dokar kare namun daji ta 1972, ba kuma mai farautarsu. A 2004 aka tabbatar da cewa maganin rage zafi ne mai suna diclofenac da ake yi wa shanu allura. Idan saniya ta mutu ungulu ta ci mushen, ƙodarta ta lalace cikin 'yan kwanaki. A 2006 Indiya da Pakistan da Nepal suka hana amfani da shi ga dabbobi. Sai masu shanu suka koma sayen manyan kwalabe na mutane suna yi wa shanun. A 2015 Indiya ta taƙaita kwalbar allurar mutane zuwa mililita 3, wadda ta yi wa saniya kaɗan. Girman kwalba, abin da ba wanda zai yi zanga-zanga a kansa, ya toshe ramin da dokar 1972 ba ta san da shi ba. Ungulu ƙwai ɗaya take yi a shekara, don haka farfaɗowar tana tafiyar hawainiya. Abin baƙin ciki, duk da sanin wannan, Sifaniya, inda mafi yawan ungulayen Turai suke, ta ba da izinin amfani da maganin ga dabbobi a 2013, kuma a 2020 aka sami ungulun da aka tabbatar shi ya kashe ta.

Doka ma idan babu mai tsaye a kanta, tsaurinta ba ya hana komai. Meksiko ta haramta kamun kifin totoaba tun 1975, ta hana shimfiɗa raga a mashigin Kalifoniya daga 2015, amma ƙaramar dabbar ruwan nan mai suna bakita da ke maƙalewa a ragar ta sauko daga kusan 570 a 1997 zuwa kimanin goma, saboda ana ci gaba da kamun a ɓoye. Majalisar da ta ƙara shekarun ɗauri a takarda, ta kuma bar mai gadin daji ba mota, ba albashi a kan kari, ba alƙalin da ya san dokar, ba ta gama aikinta ba.

Cire dabba daga jerin kariya ba laifi ba ne, shi ne ma burin dokar tun farko. Gaggafar nan mai farin kai ta Amurka ta ragu zuwa ma'aurata 417 a 1963. An hana maganin ƙwari na DDT a 1972, an tsare wuraren sheƙarta, aka jira. Sai a 2007, da ma'auratan suka kusan kai 10,000, aka cire ta, kuma ko a lokacin wata dokar ta 1940 ta ci gaba da hana kashe ta. Ƙidaya ce ta yi magana, aka kuma bar katanga ta biyu a tsaye. Haka ya kamata sassauci ya riƙa zuwa.

Abin da nake nema daga duk majalisa ko ma'aikatar da ta ɗauko irin wannan gyara ba shi da wuyar fahimta. A fara da ƙidaya ta masana da ba su da hannu a cinikin, a buga ta kowa ya gani. A rubuta cikin gyaran kansa cewa idan yawan dabbar ya sauko ƙasa da wani adadi, tsohuwar kariya ta dawo nan take ba sai an jira sabon ƙudiri ko hukuncin kotu ba. Da akwai irin wannan sharaɗi mai saurin aiki, da abin da ya faru a Wisconsin bai kai haka ba. A auna tsawon sa-ido da rayuwar dabbar. Dokar Amurka ta tanadi aƙalla shekara biyar na sa-ido bayan an cire dabba daga jeri, abin da zai iya isar tsuntsu mai ƙyanƙyasa duk shekara, amma ga karkanda mai cikin wata 15 ko 16, haihuwa biyu ke nan in an yi sa'a. Sannan a sa mutanen da ke zaune da dabbar a teburin tun daga farko, rabonsu da diyyarsu a rubuce cikin dokar.

Ko tsaurarawa ma tana buƙatar a iya ta. A tsarin CITES ana gabatar da buƙatar haramta cinikin wata dabba kwana 150 kafin taro, hukuncin kuma ba ya fara aiki sai kwana 90 bayan an tashi. Kusan wata takwas ke nan da kowane ɗan kasuwa ya san ƙofa za ta rufe. Wani nazari da mujallar Nature ta buga a 2007 ya nuna cinikin irin waɗannan dabbobi yakan yi tashin gwauron zabo a daidai wannan tsakani, kowa na rige-rigen tara kaya. Ƙasar da ta nemi a haramta cinikin wata dabba ya kamata ta dakatar da ba da takardun fitar da ita tun ranar da ta miƙa buƙatar, ta kuma ƙara masu gadi a dajin da dabbar take har hukuncin ya fara aiki.